Neman shawara kan kwamfutar wasanni da za a haɗa mini a aiko ta intanet

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa da magabata a wannan harka. Na shafe kusan shekara biyu ina tara kuɗi domin in mallaki kwamfutar tebur mai ƙarfi ta buga wasanni, kuma yanzu da kuɗin suka kusa cika sai na tarar cewa zaɓen kwamfutar ya fi tarin kuɗin wuya. Duk tsawon wannan lokaci da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka nake lallaɓawa, wadda da zarar na buɗe wasa mai nauyi sai fankarta ta kama kuka, gefenta ya yi zafin da ba a iya ɗora masa hannu, hoton kuma ya riƙa tsinkewa. Ban taɓa haɗa kwamfuta da hannuna ba, kuma ina tsoron in sayi sassa masu tsada in lalata su garin koyo, shi ya sa na yanke shawarar ba da oda a irin shafukan nan da mutum ke zaɓar sassan da yake so, su kuma su haɗa, su gwada, su aiko masa.

Na tsaya a kan tayi biyu da kuɗinsu ya yi kusan kunnen doki. Na farko yana ɗauke da furosesa (wato ƙwaƙwalwar kwamfutar) Intel Core i9-14900K da katin hoto GeForce RTX 5060 Ti na kamfanin Nvidia, da na'urar sanyaya ta ruwa, a cikin gida (wato akwatin da ake jera sassan a ciki) mai gilashi ta fuska biyu da fitilu masu sauya launi. Na biyu kuma furosesa AMD Ryzen 7 7800X3D ce da katin RTX 5070, a cikin baƙin gida marar ado. A duka biyun an rubuta RAM (wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 32 na zubin DDR5, da ma'ajiyar SSD terabait 1, da akwatin wuta (wanda ke raba wa sassa lantarki) mai wat 750, amma ba a faɗi wanda ya ƙera ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun ba, iyakar abin da aka rubuta shi ne wai daga fitaccen kamfani suke.

Zuciyata ta fi karkata ga na farko, saboda na ga i9 ita ce ƙololuwa a jerin nata, kuma ƙwayoyin sarrafawa 24 gare ta alhali ta AMD ɗin 8 kawai take da su. Wasannin da na fi so su ne Counter-Strike 2 da Cyberpunk 2077. Allon da nake da shi yanzu mai inci 24 ne, 1080p, mai sabunta hoto sau 60 a sakan ɗaya, kuma ina da niyyar sauya shi nan gaba.

Ina roƙon waɗanda suka san kan abin su nuna mini wanne ya fi dacewa, ko shirun da aka yi game da waɗancan sassa uku abin damuwa ne, da kuma abin da ya kamata in kiyaye wajen biya da wajen karɓar kaya. Ba na son in yi cinikin biri a sama da gumin shekara biyu.

Tsohon Hannu ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka yi dabara da ka tambaya kafin kuɗi su bar hannunka. Amsar tambayarka ta farko ba ta da wuya: ɗauki na biyu. A kwamfutar wasa katin hoto ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin aiki, kuma RTX 5070 ya ɗara RTX 5060 Ti nesa ba kusa ba. Tayin farko an zuba kuɗin ne a inda ido ke gani da inda suna ke burgewa, aka tauye wurin da aikin yake. Ƙwayoyi 24 na i9 ɗin nan, 8 ne kawai manya, sauran 16 ƙanana ne da ke taimakawa a ayyuka irin su tace bidiyo, kuma wasanni kaɗan ne ke amfana da fiye da takwas. Ita kuwa 7800X3D, wadda ta fito a 2023, an ɗora mata ƙarin ma'ajiyar kusa da ta kai megabait 96, wato bayanan da wasa ke nema a kai a kai suna nan dab da ita ba sai ta je RAM ta ɗauko ba, kuma wannan ne dalilin da ya sa a wasanni da dama take kamo furosesoshin da suka fi ta tsada, har ta wuce su, tana kuma shan wutar da ba ta kai rabin tasu ba. Ita i9-14900K tana iya jan wat 253 idan aka matsa mata, kuma duk wutar nan zafi take zama a cikin gidan. Akwai wani abu kuma: RTX 5060 Ti iri biyu ne, akwai mai ma'ajiyar gigabait 8 akwai mai 16, sunansu ɗaya. Idan mai sayarwa bai faɗi wanne ba ne, ka ɗauka mai 8 ne har sai ya tabbatar maka da akasin haka.

Sai dai kafin duk wannan, da ni ne da daga allo zan fara lissafi, domin shi ne ke faɗa maka girman katin da kake bukata. Allon 1080p yana da ɗigo 2,073,600, na 1440p yana da 3,686,400, na 4K kuma 8,294,400, kuma kowane ɗigo sai katin ya lissafa launinsa a kowane hoto. Allonka na yanzu ba zai taɓa nuna maka fiye da hoto 60 a sakan ba ko da katin yana fitar da 300, saboda haka idan ka haɗa sabuwar kwamfutar da shi, mafi yawan abin da ka biya ba za ka gan shi ba. A wasa irin Counter-Strike 2 bambancin a bayyane yake, domin a allo mai 60 kowane hoto yana tsayawa milisakan 16.7, a mai 144 kuma 6.9. Ina ba ka shawara ka sa allon 1440p mai 144 ko fiye a cikin kasafin tun yanzu, ko da hakan zai sa ka haƙura da fitilu da gilashi, domin da irin wannan allo RTX 5070 ya dace.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko muhimmanci. Shirun abin damuwa ne ƙwarai. Masu haɗa kwamfuta sun san cewa mai saye sunan furosesa da sunan kati yake dubawa, kuma waɗannan biyun ba a iya rage musu komai ba tare da an gane ba, saboda haka duk ribar da za a ƙara daga sassan da ba a ambata ba take fitowa.

Ɗauki akwatin wuta. Wat 750 ya ishi tayi na biyu, tunda RTX 5070 wat 250 yake ja kuma Nvidia da kanta wat 650 ta ba da shawara ga kwamfutar gaba ɗaya. Amma adadin wat bai gaya maka komai game da ingancin abin da ke ciki ba. Ko tambarin 80 Plus Gold da za ka gani a jikin wasu, abin da yake aunawa shi ne yawan wutar da ke isa ga sassa maimakon ta ɓace a zafi, kusan kashi 90 cikin 100 idan akwatin yana rabin ƙarfinsa. Ba ya auna ko akwatin zai kashe kansa cikin aminci idan wuta ta yi tsalle. Akwati marar kyau idan zai mutu sau da yawa ba ya tafiya shi kaɗai, yakan ja madabod, wato babban faifan da ake jona duk sassa a kansa, ko katin hoto su tafi tare. Ka nemi sunan kamfani da lambar samfuri, ka nemi wanda aka ƙera bisa ƙa'idar ATX 3.0 ko 3.1, sannan ka duba shekarun garantin da mai ƙera shi ya bayar, domin masu kyau sukan ba da shekara 7 zuwa 10, kuma kamfani ba ya ɗaukar irin wannan alkawari a kan abin da bai amince da shi ba.

RAM ma haka. Gigabait 32 yana iya zuwa a sanda ɗaya, yana iya zuwa a sanda biyu masu 16 kowace, kuma a takarda duk ɗaya ne, amma sanda ɗaya tana amfani da hanya ɗaya ce kawai daga cikin hanyoyi biyun da furosesa ke da su, wato an rage faɗin titin da rabi. Ka ce sanda biyu kake so, masu gudun 6000 da jinkirin CL30, wanda shi ne abin da ya fi dacewa da furosesoshin Ryzen na wannan zubi. Game da SSD, ka tambaya ko NVMe ce ko SATA, domin ta farko a kan PCIe 4.0 tana kai megabait 7,000 a sakan, ta biyu kuma ba ta wuce kusan 550. Ka kuma tambaya ko ƙwayoyinta TLC ne ko QLC. QLC tana cusa bayanai huɗu a gurbin da TLC ke sa uku, ta fi araha, amma gudunta yakan faɗi warwas idan ana kwafe manyan fayiloli. Kuma terabait 1 zai cika da wuri, tunda manyan wasannin yanzu da dama kowanne yana haura gigabait 100.

Madabod ma ba ka ambace shi ba, ina kyautata zaton su ma ba su ambata ba. Ka nemi cikakken sunansa, ka tabbata na gama-gari ne da ake samu a kasuwa, domin wasu manyan masu haɗa kwamfuta suna amfani da madabod da akwatin wuta masu siffa ta musamman da ba sa shiga wani gida, ranar da ɗaya ya lalace kuma sai a wurinsu za ka samu. Mazaunin AM5 da 7800X3D ke zama a kai ya fito ne a 2022, kuma AMD ta yi alkawarin ci gaba da fitar da furosesoshinsa har 2027 aƙalla, don haka nan gaba kana iya sauya furosesa ba tare da ka taɓa sauran ba.

Ka rubuta musu, ka ce kana son jerin kowane sashe da sunan kamfani da lambar samfuri, kuma a sa jerin a cikin takardar odar. Ka karanta sharuɗɗansu da kyau, domin da yawa suna ɓoye jimlar da ke ba su damar musanya sashe da wani makamancinsa idan wanda ka zaɓa ya ƙare. Ka ce ba ka yarda da musanya ba sai da izininka a rubuce.

Mai Gyara ya amsa:

Ina goyon bayan duk abin da Malam Tsohon Hannu ya faɗa. Ni zan yi magana ne a kan abin da ke faruwa daga lokacin da kwamfutar ta bar wurin haɗawa, domin nan ne aikina ya fi haɗa ni da ita. An ƙera kwamfutar tebur ne don ta zauna wuri ɗaya, ba don a riƙa jefa ta daga mota zuwa mota ba. Katin hoto na zamani yakan haura kilo ɗaya, manya ma su kai biyu, tsawonsa ya wuce santimita 30, kuma abin da ke riƙe da shi bai wuce siririn ramin roba a jikin madabod da sukuru biyu ko uku a bayan gida ba. Duk lokacin da kwalin ya faɗi, wannan nauyi a kan ramin yake sauka.

An taɓa kawo mini wata sabuwa ful wadda mai ita ko sau ɗaya bai ga hoto daga gare ta ba. Kwalin lafiya lau, in ban da wani ɗan lotsawa a kusurwa ɗaya da bai fi faɗin tafin hannu ba. Da na cire gilashin na haska tocila, sai ga katin ya sunkuya ta ƙarshensa, robar ramin ta tsage daga gefe, ƙananan ƙarafan ciki guda biyar ko shida sun miƙe waje kamar haƙoran mataji. Ba a sa komai a ciki da zai tallafe katin ba. Saboda haka ka tambaye su yadda suke naɗe kaya. Masu kula suna cusa wata jakar soso mai kumbura a cikin gidan, ta cika duk sararin da ke tsakanin kati da na'urar sanyaya, sannan su sa kwalin gidan a cikin wani kwali na biyu. Mafi aminci shi ne su cire katin su aiko shi a cikin kwalinsa na asali, kai kuma ka sa shi da kanka. Aikin bai wuce tura shi cikin rami har ka ji ƙarar maƙalewa, da ɗaura sukuru, da jona waya ba.

Ranar da kaya suka iso, ka duba kwalin ta kowace fuska tun ɗan aiken yana tsaye, idan akwai huji ko lotsawa ka ɗauki hoto ka sa a rubuta a takardar karɓa. Ka ɗauki bidiyon buɗewa daga yanke salatif har zuwa fito da kwamfutar, ba tare da ka tsayar da ɗauka ba. Kada ka jona wuta sai ka buɗe gefe ka zare sosan nan a hankali, domin na ga wanda ya kunna da shi a ciki fankoki suka kasa juyawa. Ka danna kowace sandar RAM ka tabbata ta zauna. A madabod mai rami huɗu, yawanci a rami na biyu da na huɗu daga furosesa ake sa sanda biyu.

Wayar wutar katin tana bukatar kulawa ta musamman. Katunan Nvidia na yanzu da dama suna amfani da mahaɗi mai fil 16 da aka tsara ya ɗauki har wat 600. A 2022 an samu rahotannin narkewarsa a katunan RTX 4090, kuma binciken da aka yi ya nuna cewa rashin tura shi har ƙarshe na daga cikin manyan dalilai, abin da ya sa aka sake masa fasali aka kira shi 12V-2x6. Girgizar hanya tana iya sassauta shi. Ka tura shi har ya maƙale, ka duba da tocila ka tabbata babu ko siririn tsaga tsakaninsa da katin, kuma kada ka lanƙwasa wayar dab da kanta.

Kuskuren da na fi gani kuwa shi ne jona wayar allo a ramin madabod na sama maimakon ramukan katin da ke ƙasa. Ita 7800X3D tana da ɗan ƙaramin sashen hoto a cikinta, don haka hoto zai fito, Windows zai buɗe, sai dai wasa ya riƙa jan ƙafa mutum ya zaci an cuce shi. Ka jona a katin da wayar DisplayPort, sannan ka shiga saitin allo ka ɗaga saurin sabunta hoto, domin sau da yawa a 60 yake tsayawa.

Daga nan sai gwaji, kuma a makon farko za ka yi shi. Manhajojin CPU-Z da GPU-Z za su nuna maka ainihin sassan da ke ciki, ka gwada su da jerin da ke takardar oda. Idan ka ga RAM yana gudun 4800, ba a kunna EXPO, wato saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, a cikin BIOS, shafin saitin madabod, ba ke nan. CrystalDiskInfo zai nuna awannin da SSD ta yi tana aiki. 'Yan awanni na gwajin masu haɗawa ba laifi ba ne, amma ɗaruruwa alama ce ta tsohuwa. Ka bar MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana yana aiki, ka kuma yi wasa mai nauyi na awa biyu HWiNFO yana buɗe kana duba zafi. Iyakar 7800X3D digiri 89 ne a ma'aunin Salshiyas, idan tana manne da wannan adadi a lokacin wasa akwai matsala a sanyaya, kuma wani lokaci ba komai ba ne illa ledar da ke ƙasan na'urar sanyaya da aka manta ba a ɓare ba.

'Yar Wasa ta amsa:

Ɗan'uwa, ni darasina a kan garanti na koye shi, kuma ban so kowa ya bi ta inda na bi. Na sayi tawa daga wani kamfani da ya rubuta garantin shekara uku da manyan baƙaƙe a shafinsa. Bayan wata goma sha huɗu famfon na'urar sanyaya ta ruwa ya fara ƙara kamar ana tauna tsakuwa, kwana biyu bayan haka kwamfutar ta riƙa mutuwa da kanta minti kaɗan bayan kunnawa. Da na tuntuɓe su sai aka nuna mini ƙananan rubutun da ban karanta ba: shekara ɗaya ce a kan sassa, sauran biyun ladan aiki ne kawai, kuma ni zan biya kuɗin aika kwamfutar gaba ɗaya. Na riga na zubar da kwalin da sosansa. Sai da na yi mako bakwai babu kwamfuta a kan abin da gyaransa bai ɗauki awa ɗaya ba.

Don haka ka yi musu tambayoyi dalla-dalla: shekara nawa a kan sassa, nawa a kan aiki, wa ke biyan jigila zuwa da dawowa, za su yarda ka aika sashen da ya lalace shi kaɗai, kuma buɗe gidan don ƙara RAM ko share ƙura yana soke garanti ko a'a. Ka nemi su haɗo maka da kwalayen sassa da ragowar wayoyin akwatin wuta da takardunsu, domin wani lokaci garantin mai ƙera sashe ya fi na mai haɗawa tsawo, kuma ba za ka amfana da shi ba sai da lambar sashen da shaidar saye. Ka duba ƙa'idar mayar da kaya, tunda da yawa ba sa karɓar abin da aka haɗa bisa zaɓin mai saye, wasu kuma sai sun yanke wani kaso. Wajen biya, ka bi ta kati ko wata kafa da ke ba mai saye damar shigar da ƙorafi a dawo masa da kuɗinsa, ka guji tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun wani mutum ko da an ce za a yi maka ragi. Ka tabbata kuma Windows 11 ɗin da za su sa mai lasisi na gaskiya ne kuma an rubuta shi a rasidi, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025.

A nan zan ɗan saɓa da masu ganin sanyaya ta ruwa ita ce alamar kwamfuta mai ƙarfi. Ga furosesa irin 7800X3D ba ka bukatarta. Na'urar iska mai kyau ƙarfe ce da fanka, babu abin da zai lalace sai fankar, ita ma a minti biyar ake sauya ta, alhali ta ruwa tana da famfo da ke gajiya da ruwan da ke raguwa sannu a hankali cikin shekaru.

Mai Gyara ya ƙara da cewa:

Hajiya ta yi gaskiya game da daɗewa, amma akwai gefe ɗaya da ya shafi wanda za a aiko wa kaya daga nesa. Manyan na'urorin iska masu hasumiya biyu sukan kai kilo ɗaya ko fiye, kuma a jikin madabod suke rataye, don haka a hanya suna da haɗari irin na katin hoto, alhali nauyin ta ruwa yana kan lagireto da ke ɗaure a jikin gida. Mafita ita ce na'urar iska matsakaiciya mai hasumiya ɗaya, wadda ta ishi wannan furosesa kuma ba ta da nauyin da zai yi ɓarna. Idan kuma ta ruwa aka zaɓa, a tabbata lagireton yana sama da famfo, domin iskar da ke cikin bututu can sama take taruwa, idan famfon ne a sama a cikinsa za ta zauna.

Sabon Shiga ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri, na karanta kowace amsa fiye da sau ɗaya. Na rubuta wa duka biyun kamar yadda kuka ce. Masu tayin farko sun amsa cewa sassan suna sauyawa gwargwadon abin da ke ajiye, ba za su iya ba da suna ba, kuma sun tabbatar cewa katin mai gigabait 8 ne, don haka na ajiye maganarsu. Na biyun sun aiko da cikakken jeri: madabod na zubin B650, RAM sanda biyu masu gudun 6000, SSD ta NVMe mai TLC, da akwatin wuta na ATX 3.1 mai garantin shekara 10. Sun yarda su aiko katin a kwalinsa daban, sun kuma yarda a rubuta cewa babu musanya sai da izinina.

Saura abu ɗaya. Sun ce da ɗan ƙari kaɗan za su iya sa katin Radeon RX 9070 XT na AMD mai gigabait 16 a maimakon RTX 5070 mai 12. Idan na karɓa, sai na ɗage sayen sabon allo da wata biyu ko uku. Yaya kuke gani, Malam?

Tsohon Hannu ya amsa:

Amsar da masu tayi na biyu suka ba ka irin ta mutanen da ake iya hulɗa da su ce. Game da katin, duka biyun sun fito a Maris na 2025 kuma duka za su yi maka aiki a 1440p, amma da ni ne da na karɓi RX 9070 XT. Dalilina na farko gigabait huɗun nan ne. Ma'ajiyar kati a manne take, ba a ƙara ta daga baya kamar RAM, kuma idan ta cika wasa ba ya raguwa a hankali, tsinkewa yake yi ko kuma zanen bango da tufafi ya dusashe. Gigabait 12 ya isa yau, amma kai mutum ne da ya yi shekara biyu yana tari, kuma ina zaton za ka riƙe wannan kati shekara huɗu ko biyar. Dalili na biyu shi ne a mafi yawan wasanni ya fi RTX 5070 ƙarfi idan ba a kunna lissafin haske mai nauyi da ake kira bin sawun haske ba.

Ga abin da za ka rasa, don ka yanke hukunci ido buɗe. Fasahar DLSS ta Nvidia, wadda ke zana hoto ƙarami ta faɗaɗa shi ba tare da ya lalace ba, tana cikin wasanni da yawa fiye da sabuwar FSR 4 ta AMD, kuma a Cyberpunk 2077, idan burinka shi ne ka kunna mafi tsananin saitin bin sawun haske, katunan Nvidia sun fi sakewa a wurin. Haka kuma idan kana da niyyar amfani da manhajojin zane ko na ƙirƙirarriyar basira da suka dogara da tsarin lissafi na CUDA, Nvidia ce kaɗai ke da shi. Idan babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dame ka sosai, jiran wata uku da tsohon allo ba asara ba ce.

Idan ka zaɓe shi, ka sake duba abu uku da su kafin ka biya. RX 9070 XT yana jan wat 304 kuma AMD wat 750 ta ba da shawara, wato akwatinka ya isa amma babu rara mai yawa, saboda haka ka tambayi abin da za a ƙara a ba ka mai 850 daga samfuri ɗaya. Yawancin waɗannan katuna mahaɗai masu fil 8 suke amfani da su, biyu ko uku, ka ce a ba kowane mahaɗi wayarsa daga akwatin wuta maimakon waya ɗaya mai kai biyu. Sannan ka nemi tsawon ainihin samfurin katin a milimita, ka gwada da iyakar da mai ƙera gidan ya rubuta, ka bar sararin aƙalla yatsa biyu tsakanin ƙarshen katin da fankokin gaba.